Gonar Nabot da masu cewa a yi wa shugaba shiru

Maganganu biyu ne aka fi toshe wa talaka baki da su idan ya fara tambayar ina kuɗin gari suka shiga, ko wa ya ba da izinin karɓe masa gona. A majalisin Musulmi sai a ce masa Allah ne ke ba da mulki ga wanda ya so. A coci sai a ce masa an rubuta, kada ku taɓa shafaffuna, wato waɗanda Allah ya keɓe wa kansa. Daga nan a jero masa sarakunan Bani Isra'ila, a ce duk Allah ne ya naɗa su, don haka mai ƙorafi a kan shugaba da hukuncin Allah yake ja. A ganina babu shaidun da suka fi waɗannan labarai kayar da mai wannan magana. Wanda ya karanta su daga farko har ƙarshe zai tarar da doka a rubuce a kan sarki, da jerin sarakunan da suka taka ta, da sunayen mutanen da suka faɗa musu a gaban idonsu.

Nassoshin biyu ma an gutsure su ne. Aya ta 26 ta Suratu Ali Imrana, a cikin numfashi guda, ta ce Allah yana ba da mulki ga wanda ya so, yana kuma ƙwace shi daga wanda ya so. Aya ta 258 ta Suratul Baƙara ta ba da labarin wanda ya yi jayayya da Annabi Ibrahim a kan Ubangijinsa, ta kuma ce Allah ne ya ba shi mulkin. Ashe ba mutum mulki daban, yarda da abin da yake yi da shi daban. Maganar shafaffu kuwa tana cikin Zabura ta 105, kuma ayoyin da ke gabanta sun nuna su wa ake nufi: Ibrahim da Ishaku da Yakubu, lokacin da suke 'yan ƙalilan, baƙi masu yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan. Zaburar ta ce Allah ya tsawata wa sarakuna saboda su. Sarakuna ake ja wa kunne kada su taɓa marasa ƙarfi, amma yau an juya ayar ta koma katangar masu ƙarfi.

Akwai wani abu da ya kamata a share tun da wuri. Musulmi na ɗaukar Dauda da Sulaimanu annabawa ne, kuma malamansu ba su karɓi wasu abubuwan da littattafan Sama'ila da Sarakuna na Littafi Mai Tsarki suka faɗa a kansu ba. Ibnu Kasir, da ya zo ƙissar masu husuma biyu a Suratu Sad, mai tumaki 99 da mai tunkiya ɗaya, ya ce yawancin abin da ake ƙarawa a labarin Isra'iliyyat ne, bai tabbata daga Manzon Allah (SAW) ba. Kirista kuma yana karanta waɗannan babuka a matsayin Maganar Allah. Ba sai mun sasanta wannan kafin mu yi magana ba, domin hujjar ba ta dogara da su ba. Sarakunan da zan kafa hujja da su, Ahab da Rehobowam da Yehoyakim da Zadakiya, babu wanda ya ce annabawa ne. Su kansu Dauda da Sulaimanu, abin da Alƙur'ani ya nuna game da su shari'a ce: an ce wa Dauda an sanya shi halifa a bayan ƙasa, ya yi hukunci tsakanin mutane da gaskiya, kada ya bi son zuciya.

Sarautar ta faro ne daga cin hanci. Babi na 8 na littafin Sama'ila na ɗaya ya ce 'ya'yan Sama'ila biyu (annabin da ke jagorantar Bani Isra'ila a lokacin, ba Isma'ilu ɗan Ibrahim ba), Yowel da Abija, suna alƙalanci a Biyasheba, suna karɓar toshiya suna karkatar da shari'a. Dattawa suka same shi a Rama suka ce a naɗa musu sarki kamar sauran al'ummai. Kafin ya naɗa, sai da ya karanta musu farashin. Sarki zai ɗebi 'ya'yanku maza don karusansa da dawakansa, wasu su nome masa gona, wasu su ƙera masa makamai. Zai ɗebi 'yan matanku su yi masa turare da girki da tuya. Zai karɓi gonakinku mafi kyau, na inabi da na zaitun, ya raba wa fadawansa. Zai karɓi ushirin hatsinku da ushirin garkenku, da barorinku da jakunanku. Ranar da kuka yi kuka saboda sarkin da kuka zaɓa, ba za a amsa muku ba. Suka ce sun ji sun gani. Da aka naɗa Saul, wanda Alƙur'ani ya kira Ɗalutu, sai Sama'ila ya bayyana wa jama'a ƙa'idojin sarauta, ya rubuta su a littafi ya ajiye a gaban Ubangiji. Wato tun ranar farko an haɗa rawani da takarda. A Suratul Baƙara kuma, da manyan gari suka ce yaya za a naɗa musu wanda ba shi da wadatar dukiya, amsar da annabinsu ya ba su ita ce ilimi da ƙarfin jiki aka duba.

Dokar sarki da ke babi na 17 na littafin Maimaitawar Shari'a gajeruwa ce, ayoyi bakwai kacal, kuma kusan dukkanta hani ce. Dole ya zama ɗan ƙasa, daga cikin 'yan'uwa. Kada ya tara dawaki, kada ya mai da mutane Masar don neman su. Doki a wancan zamani kayan yaƙi ne, shi ke jan karusa, don haka wannan iyaka ce ga girman runduna da kuɗin da ake kashe mata. Kada ya tara mata, domin auren sarakuna ƙawancen siyasa ne, kowace gimbiya na zuwa da buƙatun ƙasar ubanta. Kada ya tara azurfa da zinariya. Aiki ɗaya tak aka ɗora masa: ya rubuta wa kansa kwafin shari'a daga wanda ke hannun firistoci, ya riƙe shi, ya riƙa karantawa duk tsawon ransa, don kada zuciyarsa ta ɗaga sama da 'yan'uwansa. Ba shi ke yin doka ba, kuma ba a hannunsa asalin littafin yake ba.

Dokar gona ita ce ta fi ɗaure hannun sarki. Babi na 25 na Littafin Firistoci ya ce ba a sayar da ƙasa sayarwa ta har abada. Abin da mutum ke iya sayarwa shi ne yawan girbin da ya rage kafin shekara ta 50, shekarar da kowace gona ke komawa ga gidan da ta fito. Ya fi kama da jinginar gona da muka sani. Lissafin a fili yake: idan saura shekara 20, aka biya shekel 100 (shekel ma'aunin azurfa ne na lokacin), to mai gona da ya samu hali bayan shekara biyar zai mayar da shekel 75 ya karɓi abinsa. Idan bai samu ba, ɗan'uwansa mafi kusa na da ikon fansowa. Gidan da ke cikin birni mai ganuwa ne kaɗai aka ware, shi shekara ɗaya ce damar fansarsa, in ta wuce ya tafi ke nan. Littafin Ƙidaya ya ƙara da cewa gādo ba ya tsallakawa daga wata kabila zuwa wata. A shari'ar kisa kuma, shaida ɗaya ba ya isa, sai biyu ko uku. Su shaidun ne za su fara jifa, kuma wanda aka kama da shaidar zur hukuncin da ya nema wa ɗan'uwansa za a yi masa.

Da waɗannan dokoki a hannu ne ake fahimtar abin da ya faru a Yezreyel, garin Nabot. Ahab ɗan Omri ya yi shekara 22 yana mulkin masarautar arewa ta Bani Isra'ila daga Samariya, kuma ba ƙaramin sarki ba ne. Dutsen da Sarkin Assuriya Shalmanesar na 3 ya rubuta labarin yaƙin Ƙarƙar na shekarar 853 kafin Miladiyya ya ambace shi da suna, ya ce ya kawo karusai 2,000 da sojoji 10,000. Wannan mutum ne ya ga gonar inabin wani talaka mai suna Nabot a jikin fadarsa, ya so ya mai da ita lambun kayan miya. A lura da yadda ya fara. Bai aika dogarai ba. Ya yi tayi mai kyau: ko a ba ka gonar da ta fi ta, ko a biya ka kuɗinta. Nabot ya ce Allah ya sawwaƙe ya ba da gādon kakanninsa. Sarki mai karusai 2,000 ya koma gida ya kwanta ya juya fuska, ya ƙi cin abinci. Wannan fushin da kansa shaida ce: Ahab ya san doka tana bayan Nabot, ya san ba shi da ta cewa.

Matarsa Yezebel 'yar Etba'al Sarkin Sidon ce, kuma tambayar da ta yi masa ita ce, to wai kai ne ke mulkin Isra'ila kuwa? Abin da ta yi daga nan shi ya fi cancantar nazari, domin ita ma ba ta aika dogarai ba, doka ta ɗauko ta yi aiki da ita. Ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawa da manyan garin Nabot. Ta ce a yi shelar azumi, domin azumin gari alama ce ta an yi wa Allah laifi, sai an nemo mai laifin. Ta ce a zaunar da Nabot a gaban jama'a. Ta ce a samo 'yan iska biyu, daidai adadin da shari'a ta nema, ba ɗaya ba. Laifin da ta zaɓa shi ne zagin Allah da sarki, wanda littafin Fitowa ya haramta a aya guda. Aka fitar da shi bayan gari aka jefe shi, kamar yadda doka ta tsara. Wanda ya duba takardun shari'ar ba zai ga aibu ko ɗaya ba. Littafin Sarakuna na biyu ya ƙara wani abu da ake yawan tsallakewa: ya ambaci jinin Nabot da jinin 'ya'yansa. Dalilin a bayyane yake, muddin akwai magaji da rai, gonar ba za ta zauna a hannun sarki ba.

Mutum nawa aka buƙata kafin wannan aiki ya yiwu? Wanda ya bar hatimi a inda za a ɗauka, da dattawan da suka san Nabot tun yana yaro amma suka bi wasiƙa, da mai shelar azumi, da shaidu biyu, da jama'ar da suka ɗauki duwatsu. Da dattawan sun yi abin da Maimaitawar Shari'a ta ce alƙalai su yi, wato su binciki shaidu da kyau, da magana ta mutu a nan. Ahab kuwa yana iya rantsuwa cewa bai rubuta komai ba, bai jefa ko tsakuwa ba. Amma da Iliya, wanda Musulmi suka sani da Annabi Ilyasu, ya same shi a tsakiyar gonar, bai nemi Yezebel ba, bai nemi dattawa ba. Sarkin ya fuskanta, ya ce masa ka yi kisa, ka kuma ci gādo? Wanda aka yi abu da hatiminsa, ya kuma ci amfanin, shi ke da alhaki. Duk shugaban da ke cewa yaransa ne suka yi bai sani ba, alhali filin yana hannunsa, wannan tambayar tasa ce.

A nan kuma raunin tsarin ya fito, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Dokar ta hana sarki abubuwa, amma ba ta kafa kotun da za ta gurfanar da shi ba. Babu wanda aka ba ikon ƙirga dawakansa ko auna zinariyarsa. Littattafan Sarakuna ba su ba da labarin ko sau ɗaya da aka mayar da gonaki a shekara ta 50 ba, sai ma annabawa Ishaya da Mika suna kukan masu haɗa gida da gida, gona da gona, har talaka ya rasa wurin tsayawa. Abin da ya rage kawai shi ne bakin mutumin Allah. Shi ya sa sarakuna suka koyi sayen bakin. Lokacin da Ahab zai tafi yaƙin Ramot Gileyad ya tara annabawan fada kusan 400, dukkansu suka ce ya tafi, nasara tasa ce, har ɗaya ya ƙera ƙahonin ƙarfe yana nuna yadda za a tunkuyi abokan gaba. Yehoshafat Sarkin Yahuza ne ya tambaya ko akwai saura. Ahab ya ce akwai Mikaiya ɗan Imla, amma na tsane shi, bai taɓa faɗa mini alheri ba. Ɗan aiken da ya je kiransa ya ba shi shawara a hanya, ya ce kowa ya faɗi alheri, kai ma ka bi sahu. Mikaiya ya ƙi, ya sha mari, aka kai shi kurkuku a kan ɗan abinci da ɗan ruwa. Ahab ya shiga yaƙin a ɓad da kama, kibiyar da wani ya harba ba da saiti ba ta same shi a mahaɗar sulke, ya mutu da yamma. Malami ko fasto da ke hana mutane tambayar shugaba, ya duba da kyau a wane layi yake tsaye, na mutum 400 ko na mutum ɗaya.

Rehobowam ɗan Sulaimanu darasinsa na haraji ne. Ya hau yana da shekara 41, wajen 931 kafin Miladiyya, ya tafi Shekem don kabilun arewa su yi masa mubaya'a. Littafin Sarakuna ya riga ya bayyana nauyin da ke kansu: hakimai 12, kowanne da watan da zai ciyar da fada, da ma'aikatan tilas 30,000 da ake aikawa Lebanon, 10,000 kowane wata, wata ɗaya a can wata biyu a gida. Jama'a ba su ce ba sa son sarki ba. Sun ce a sassauta, za mu bauta maka. Ya nemi kwana uku. Dattawan fadar ubansa suka ce idan ka yi wa mutanen nan hidima yau, ka yi musu magana mai daɗi, sun zama naka har abada. Samarin da suka tashi tare da shi suka ce ya gaya musu ɗan ƙaramin yatsansa ya fi ƙugun ubansa kauri, ubansa da bulala ya hore su, shi da kunamai zai yi. Ya ɗauki ta samari. Kuskure na biyu ya fi na farko wauta: da jama'a suka watse cikin fushi, wanda ya aika ya lallashe su shi ne Adoram, shugaban aikin tilas ɗin da suke kuka da shi. Suka jefe shi har lahira, sarki ya haye karusa ya tsere Urushalima. Kabilu goma suka tafi da Yerobowam. Ya tara mayaƙa 180,000 zai maido su da ƙarfi, mutumin Allah Shemaiya ya hana. A shekararsa ta biyar Shishak Sarkin Masar ya kwashe dukiyar Haikali da ta fada, har garkuwoyin zinariya, sai na tagulla aka ƙera a madadinsu.

Yosiya Sarkin Yahuza da ɗansa Yehoyakim kuwa takarda ce ta raba su. A shekara ta 18 ta mulkin Yosiya, wajen 622, ana gyaran Haikali babban firist Hilkiya ya tsinci littafin shari'a. Magatakarda Shafan ya karanta wa sarki, sarki ya yage tufafinsa, ya aika a tambayi annabiya Hulda, ya tara jama'a aka karanta musu duka. A 1960 masu tonon tarihi sun samo wani ɓallen tukunya mai rubutu a jikinsa a wani kagara da ke bakin teku kusa da Yabne, wanda masana ke dangantawa da wannan zamani. Ƙara ce ta wani mai girbi zuwa ga shugaban wurin: ya gama aikinsa, wani ya zo ya ƙwace masa riga, abokan girbinsa za su shaide shi ba shi da laifi, a taimaka a maido masa. Littafin Fitowa ya ce rigar da aka karɓa jingina a mayar da ita kafin rana ta faɗi, don ita ce bargon talaka. Ɗan ƙodagon nan ya san yana da haƙƙi, ya kuma san ƙofar da zai buga.

Yehoyakim Fir'auna Neko ne ya ɗora shi a 609, aka kuma yanka wa ƙasar harajin talanti 100 na azurfa da talanti ɗaya na zinariya, wato azurfa fiye da tan uku. Ya tatsi kuɗin daga jama'a. A cikin wannan hali ya tashi gina sabuwar fada mai manyan tagogi, da rufin katakon al'ul da jan fenti, bai kuma biya leburori ba. Annabi Irmiya ya tambaye shi ko yawan katako ne ke sa mutum ya zama sarki, ya tuna masa cewa ubansa ya ci ya sha, ya kuma bi wa matalauci haƙƙinsa. Da aka kawo masa naɗaɗɗen littafin Irmiya, yana zaune a ɗakin hunturu da kaskon wuta a gabansa, duk shafi uku ko huɗu da aka karanta sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta. Fadawa uku, Elnatan da Delaiya da Gemariya, suka roƙe shi ya bari, ya ƙi. Wani annabi mai suna Uriya ɗan Shemaiya da ya gudu Masar, sai da aka bi shi aka kamo shi aka kashe. Irmiya ya sa magatakardansa Baruk ya sake rubuta littafin, aka ma ƙara a kan na farko. Ƙanensa Zadakiya ya nuna wani salon: da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, aka yi alkawari a Haikali kowa ya saki bayinsa Ibraniyawa, waɗanda tun asali doka ta ce a sake su bayan shekara shida. Da sojojin suka ɗan janye, kowa ya bi nasa ya kamo. Birnin ya faɗi a 586.

Masu kiran biyayya na da hujjar da ba za a raina ba. Littafin Mahukunta ya rufe da cewa a kwanakin nan babu sarki a Isra'ila, kowa na yin abin da ya ga dama, kuma babukan da ke gaban wannan jimla cike suke da fyaɗe da yaƙin basasa. Dauda ya samu Saul a kogon En Gedi, mutanensa na zuga shi, amma gefen riga kawai ya yanka. Juyin mulki ma bai gyara komai ba. Yehu ya kashe Yoram ɗan Ahab ya sa aka jefa gawarsa a gonar Nabot, amma ya zubar da jinin da annabi Yusha'u ya ce za a tambayi gidansa a kai. Masarautar arewa ta yi sarakuna 19 cikin shekara kusan 200, Zimri kwana bakwai ya yi, Shallum wata ɗaya, har Assuriya ta cinye Samariya a 722. Duk wannan gaskiya ne, kuma mai ganin bindiga ce maganin mugun shugaba ya karanta shi sau biyu. Sai dai abin da aka hana shi ne ɗaga takobi. Dauda ɗin nan da ya ƙi kashe Saul, fitowa ya yi daga kogon ya ɗaga ƙyallen a gaban sojoji, ya ce masa kana farautar raina ba da laifi ba, Allah ya shari'anta tsakanina da kai. Aya ta 78 da 79 ta Suratul Ma'ida sun ce an la'anci waɗanda suka kafirta daga Bani Isra'ila a kan harshen Dauda da Isa ɗan Maryam, kuma cikin laifinsu akwai rashin hana juna mummunan aiki. A hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Manzon Allah (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen da shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi sata da hukunta mai rauni.

Ba ina cewa a kwaso dokokin manoman Yahuza a dasa a Kano ko Maraɗi ba. Amma ramin da Nabot ya faɗa yana nan. A Nijeriya Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ɗora diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka. Sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya kare shi daga gurfana muddin yana kan kujera. To idan aka karɓi gonakin ƙauye da sunan asibiti, bayan shekara biyu aka ga an yanka fulotai an raba wa na kusa, tambayar wa ya sa hannu, wane dagaci ya shaida, nawa aka biya, wa ke zaune a filin yanzu, tambayar Iliya ce, kuma mai mumbari ne ya fi cancanta ya fara yin ta.

Yadda ake gyara ma an nuna shi, a babi na 5 na littafin Nehemiya. Shi gwamna ne ƙarƙashin Sarkin Farisa, daga 445 kafin Miladiyya. Mutane suka kawo kuka cewa sun jinginar da gonaki da gidaje don hatsi da harajin sarki, har 'ya'yansu mata sun shiga bauta. Bai kira manyan a ɗaki ba, taron gari ya kira ya tuhume su a gaban kowa. Ya faɗi cewa shi da 'yan'uwansa ma sun ba da rance, kuma da su za a fara yafewa. Ya sa ranar mayarwa, ya ce yau, ya kuma lissafa abin da za a mayar: gonaki, da inabi, da zaitun, da gidaje, da ruwan da aka karɓa a kan kuɗi da hatsi da mai. Da suka ce sun yarda, bai tsaya a kan bakinsu ba, ya kira firistoci aka rantsar da su. Gwamnonin da suka gabace shi suna karɓar abinci da shekel 40 na azurfa daga jama'a, barorinsu ma suna taka mutane. Shi ya yi shekara 12 bai karɓi wannan kason ba, alhali mutum 150 ke cin abinci a teburinsa, ana yanka sa ɗaya da tumaki shida kowace rana.